Yagewa Wajen Haihuwa: Abin da Ya Kamata Mai Cikin Fari da Mijinta Su Sani

Tsakanin gaban mace da duburarta akwai ɗan wuri wanda tsawonsa bai fi santimita 3 zuwa 4 ba. A ido fata ce kawai, amma a ƙarƙashinta ne tsokokin ƙasan ƙugu suke haɗuwa, waɗanda suke tallafe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Daga bayansa kuma akwai zoben tsoka mai tsuke bakin dubura, wanda da shi ne mutum yake riƙe iska da bayan gida har ya isa inda ya dace. Idan kan jariri ya sauko zai fito, wannan ɗan wurin ne yake ɗaukar nauyin, ya yi ta miƙewa har ya zama shara-shara. In aka ba shi lokaci, sau da yawa yakan saki ya bar kan ya wuce. In kuwa kan ya faso da ƙarfi a lokaci guda, sai ya yage. Abin da mata suke nufi ke nan idan suka ce wance ta ƙaru. Idan malamar asibiti ce ta sa almakashi ta buɗe hanyar, sai a ce an yi mata ƙari.

Likitoci sun kasa yagewar gida huɗu gwargwadon zurfinta. Ta farko fata kaɗai take taɓawa, kuma takan warke ko ba ɗinki. Ta biyu tana shiga tsoka, tana bukatar ɗinki, amma ungozomar asibiti tana iya ɗinke ta a ɗakin haihuwa. Ta uku tana kaiwa ga zoben dubura, ta tsinka sashensa ko ta tsinka shi duka. Ta huɗu tana ratsa zoben har ta buɗe bangon hanji, gaba da baya su zama hanya ɗaya. Biyun farko ruwan dare ne: ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Ingila ta ƙiyasta cewa kusan mata 9 cikin 10 masu haihuwar fari sukan sami ƙujewa ko yagewa ko ƙari. Biyun ƙarshe su ne abin tsoro, kuma a can suna samun kimanin mata 6 cikin 100 a haihuwar fari, da kimanin 2 cikin 100 na waɗanda suka taɓa haihuwa.

Waɗannan alƙaluma ne na ƙasar da kusan kowace haihuwa a gaban ƙwararriya ake yin ta, a duba mace bayan ta sauka, a rubuta abin da aka gani. A Jabo da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da sauran ƙasar Tambuwal har zuwa Kebbe, yawancin haihuwa a ɗaki ake yin ta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da suka haihu a asibiti ba su kai 10 cikin 100 ba. Ke nan mafi yawan yagewar da ake yi a wannan yanki ba wanda ya san zurfinta ya gan ta. Yarinya ta sauka, jariri ya yi kuka, ana ta barka, aka ɗora tukunyar ruwan zafi. Sai bayan makonni ta lura iska tana kuɓuce mata, ko ta ga ƙazanta a zanenta ba da saninta ba. Ta fara ƙaurace wa biki da makarantar Islamiyya, ta riƙa shakkar alwalarta, shimfiɗar miji ta zame mata azaba, kuma ba ta da wanda za ta iya gaya wa. Ana iya kiranta ƙazama a gidan da ta shiga da darajarta, alhali rauni ne a jikinta, raunin da ake iya ɗinkewa cikin awa guda da an gan shi a ranar.

Wannan rauni dabam yake da yoyon fitsari, ko da yake sukan haɗu a jikin mace ɗaya. Yoyon fitsari galibi doguwar naƙuda ce take kawo shi: kan jariri ya maƙale a ƙugu, ya danne nama a jikin ƙashi yini da kwana har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Ita kuwa yagewa a cikin 'yan daƙiƙoƙi take faruwa, lokacin da kai ko kafaɗa suke fitowa. Maganin na farko shi ne kada a bar naƙuda ta yi tsawo ba a nemi taimako ba. Maganin na biyu shi ne kada a bar ƙarshenta ya yi sauri.

Akwai abubuwan da suke ƙara haɗarin. Haihuwar fari ce kan gaba, domin wurin bai taɓa miƙewa haka ba. Sai jaririn da ya haura kilo 4, da wanda ya zo fuskarsa tana kallon gaban uwa maimakon bayanta, da wanda kafaɗarsa ta maƙale bayan kai ya fito, da haihuwar da sai an sa ƙarfe ko na'urar zuƙo kai. Tabon tsohon yanka ma yana ciki, saboda tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. Wasu daga cikin waɗannan ba a hannun kowa suke ba. Amma da yawansu ana iya ganinsu tun daga nesa, kuma wurin ganinsu shi ne awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. A awo ne ake gane kwanciyar jariri, da ciwon sukarin ciki wanda yake sa shi ya yi girma fiye da kima, da ƙarancin jini wanda yake sa ƙaramar zubar jini ta zama babba, yake kuma hana ɗinki kamawa. A nan ake yin allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda mace mai buɗaɗɗen rauni take matuƙar bukata. Amfanin awo ba a ƙasar waje kaɗai aka gano shi ba. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, suka ga cewa mace-mace da raunuka sun fi yawa nesa ba kusa ba ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta gagara aka kawo su, kuma 'yan shekara 15 zuwa ƙasa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ƙashin ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan ta fara al'ada. Iyayen da suka jinkirta cikin fari har jikin ɗiyarsu ya nuna sun yi mata rigakafin da babu kamarsa, kuma wannan magana ce da ya kamata samari masu neman aure su ji da kunnen basira. Wani kuskuren da ya kamata a kauce masa shi ne rage wa mai ciki abinci don jariri ya zo ƙarami. Yunwa ba ta sauƙaƙa haihuwa, ƙarfin uwa kawai take ci.

Yankan gishiri ba shi da gurbi ko kaɗan. Idan naƙuda ta daɗe, akan kira wanzami ko tsohuwa a sa aska a tsaga cikin gaban mace da zaton wani abu ne ya toshe hanya. Abin da ya tsare jaririn ƙashi ne, can sama da inda aska take kaiwa, saboda haka yankan ba ya buɗe komai sai mafitsara ko hanji. Dakta Tahzib ya wallafa nazari a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami kimanin kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Wadda ta tsira daga yoyo ma ta tafi da tabo, kuma tabon ne zai fara tsagewa a haihuwa ta gaba. Haka abin yake ga kaciyar mata da cire angurya ga jarirai mata. Dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta haramta kaciyar mata.

Abin da mai ciki za ta iya yi wa kanta a gida, ba tare da kashe ko kwabo ba, shi ne tausar wurin daga mako na 34 ko 35, wato daga ƙarshen wata na takwas. Duk wanda ya ga yadda majema da dukawa suke sarrafa fatar jar akuyar Sakkwato ya san cewa fatar da aka shafa wa mai, aka riƙa ja a hankali, tana miƙewa, busasshiya kuwa da aka fizga tsagewa take yi. Za ta yanke farce, ta wanke hannu da sabulu, ta jingina da bango ko ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Ta shafa mai tsaftatacce marar turare, kamar man zaitun ko man kwakwa ko man kaɗe mai kyau. Man zafi da duk wani haɗi mai yaji ba su shiga nan. Sai ta sa babban yatsa ɗaya ko biyu cikin gabanta kimanin santimita 3, ta danna ƙasa wajen dubura da gefe-gefe har ta ji wurin ya miƙe da ɗan raɗaɗi kaɗan, ta riƙe haka minti ɗaya ko biyu tana numfashi a hankali, sannan ta riƙa zagaya yatsan daga gefe zuwa gefe ta ƙasa. Minti 5 ya isa, sau ɗaya ko biyu a mako ma yana da amfani. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2013 daga gwaje-gwaje 4 da suka ƙunshi mata kusan 2,500 ya nuna cewa tausar tana rage yawan waɗanda suke bukatar ɗinki da waɗanda ake yi wa ƙari, musamman masu haihuwar fari. Ragin ba mai yawa ba ne, kusan kashi ɗaya cikin goma, amma akwai wata riba da ba ta shiga lissafi ba: yarinyar ta riga ta san irin raɗaɗin miƙewar, ta koyi sakin jiki a kansa maimakon ƙanƙamewa. Ba a yin tausar idan akwai zubar jini, ko ƙuraje da ƙaiƙayi a wurin, ko faya ta fashe, ko an ce mabiyiya ta kwanta a bakin mahaifa. Lokacin ya dace da goyon ciki, sa'ad da yarinya take gidan iyayenta, kuma uwa ko gwaggo ko yayar da ta san wannan ta sanar da ita ta yi mata babban gata. Jinya ce kamar kowace jinya.

Idan naƙuda ta kankama, kuskuren farko shi ne fara nishi da wuri. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin kai ya iya wucewa, kuma a haihuwar fari wannan yakan ɗauki sa'o'i da yawa. Wadda aka sa ta yunƙuri tun bakin bai gama buɗewa ba tana kumbura shi, tana iya tsaga shi, kuma ƙarfinta ya ƙare kafin a zo inda ake bukatarsa. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 an ce a bar mace ta bi yunƙurin da jikinta ya kawo da kansa. An kuma hana danna cikin mai naƙuda daga sama don a turo jariri. Wannan danna ciki, da tsumi ko jiƙon da ake ba wa mace don naƙuda ta yi zafi, da allurar naƙuda da wani zai yi mata a gida ko a kemis, duk aikinsu ɗaya: su harbo jariri da ƙarfin da hanya ba ta shirya masa ba. Ƙaramar ɓarnarsu yagewa ce, babbar kuwa fashewar mahaifa. Ƙwayoyin nan uku na tsayar da jini da Jihar Sakkwato ta fara rarrabawa a unguwanni a 2013, tare da man cibiya, bayan jariri ya fito ake shan su. Shan su tun yana ciki yana iya halaka uwa da ɗa. Naƙudar da ta wuce awa 12 tana ci ba haihuwa, ko nishin da ya kai awa biyu zuwa uku kai bai fito ba, ba ta gida ba ce kuma.

A batun yanayin zama, al'adar gargajiya ta riga ta yi daidai. Durƙuson da matan ƙasar Hausa suka gada, mace a kan gwiwa ta dafa wani abu a gabanta, yana cikin hanyoyin da ba su matsa wa wurin. Kwanciya a gefe ɗaya, wata ta riƙe ƙafar sama, ita ma tana da kyau ƙwarai, domin tana rage gudun kai. Wani babban nazari da aka yi a Suwidin a kan haihuwa sama da 100,000 ya sami mummunar yagewa ta fi yawa ga waɗanda aka kwantar rigingine aka ɗaga ƙafafunsu aka ware, ta kuma ɗan ragu ga masu haihuwar fari da suka kwanta a gefe. Tsugunno sosai kuwa yana taimakon kai ya sauko, amma a ƙarshe yana iya sa shi ya faɗo da sauri. Mace tana da damar ta roƙi malamar asibiti ta bar ta ta durƙusa ko ta juya gefe, kuma shawarwarin 2018 suna bayanta.

Daga lokacin da gashin kan jariri ya fara leƙowa, akwai abu mai sauƙi da ya fi kowane ƙarfin hujja: ɗumama wurin. A sami tsumma mai tsafta, a tsoma a ruwan da aka tafasa ya huce har cikin wuyan hannu yana iya jure shi, a matse, a dafa shi a tsakanin gaba da dubura duk lokacin da ciwo ya taso, a sake shi idan ya huce ko ya ɓaci. Nazarin Cochrane na 2017 ya nuna cewa wannan yana rage yagewa ta uku da ta huɗu da kusan rabi, kuma matan da aka yi wa sun ce yana rage raɗaɗi. A gidan da ake jiran haihuwa a ƙasar Tambuwal ba a rasa itace da tukunya, tunda an tanade su don wankan jego. Kwano ɗaya daga ruwan nan, in an yi amfani da shi kafin jariri ya fito, zai tsare abin da tukunya arba'in ba za su gyara ba daga baya.

Sai fitowar kai, wadda a kanta komai ya rataya. Idan mafi faɗin kan ya cika bakin hanya, mace takan ji wurin yana ƙuna kamar wuta, jikinta kuma yana ce mata ta tura da iya ƙarfinta ta huta. A daidai nan ne ake so ta daina nishi. Ta buɗe baki ta riƙa huro iska gajere-gajere, ta bar mahaifa ita kaɗai ta turo kan kaɗan-kaɗan. Mai karɓar haihuwa takan ce mata, “Sannu ɗiyata, dakata haka nan, huro iska, kar ki tura.” Tafin hannunta ɗaya yana kan jaririn, ba don ta mayar da shi ba, sai don kada ya faso, kuma don haɓarsa ta zauna a ƙirjinsa. Kan da ya sunkuya haka da faɗin kimanin santimita 9.5 yake fitowa, wanda ya ɗaga kuwa yakan kai 11.5, kuma santimita biyun nan suna iya zama bambancin lafiya da rauni. Ɗaya hannun yana tallafe da tsakanin gaba da dubura da tsumman ɗumi. Bayan kai ya fito ba a jan sa; a jira ciwo na gaba, kafaɗa ɗaya ta fito, sannan ɗayar, hannu yana nan a wurin, domin kafaɗa ma tana yagawa. A wasu asibitocin Norwe da aka koya wa ungozomomi wannan riƙo, tare da yi wa mace magana ta sassauta, mummunar yagewa ta sauka daga kusan 4 cikin 100 zuwa ƙasa da 2.

Duk wannan aikin mutum biyu ne. Mai haihuwa ba ta ganin wurin, ba ta kuma iya tallafe shi. Nan ne kunya take shiga tsakani. Yarinya mai cikin fari an tarbiyyantar da ita kada ta ambaci cikin, kada ta yi raki, kuma a gidajen da fulako yake da ƙarfi abin yabo ne a ce ba wanda ya ji motsinta sai kukan jariri. Ungozomar gargajiya sau da yawa sai an haihu ake kiranta ta yanke cibiya. Nazarin da aka yi a kan binciken ƙasa na 2008 ya nuna cewa kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya mace ita kaɗai take yin ta ba kowa a wurin, kuma kashi 94 cikin 100 na irin wannan haihuwa a Arewa suke. Kunya ado ce ga ɗiya mace, kuma ba wanda yake son a raba ta da ita. Amma wadda ta ɓoye naƙuda ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta hana kanta ido da hannun da za su tsare ta a mintunan da suka fi kowane haɗari. Faɗa wa uwa ko uwar miji cewa ciwo ya fara ba rashin kunya ba ne. Nauyin da ke kan matashin miji kuma a bayyane yake: ya ba da izinin zuwa asibiti tun ciki yana ƙarami, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa don kada a tsaya jiransa in yana gona ko ci-rani, ya ajiye kuɗi, ya riƙe lambar mai mota, musamman in haihuwar za ta faɗo da damina, sa'ad da hanyoyin ƙauye suke wuyar bi.

Tsoron ƙari yana cikin abubuwan da suke hana mata zuwa asibiti, kuma tsoron yana da tushe, domin an daɗe ana yi wa kusan duk mai haihuwar fari ƙari da zaton yana hana yagewa. Bincike ya rushe wannan zato, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a mayar da shi al'ada ba. Yana da wurinsa: idan jariri ya galabaita ana son a fito da shi da sauri, ko za a sa ƙarfe. A nan ƙari yana ceton rai, yana kuma kare zoben dubura, muddin an karkata almakashin gefe sosai, kimanin digiri 60 daga tsakiya, ba a miƙe shi wajen dubura ba. Ana yin sa da allurar kashe zafi, bayan an gaya wa mace dalili, haka ma ɗinkinsa. Ma'aikaciyar da ta ɗinke mace ba allura, ko ta haɗa mata da tsawa, ta kori matan unguwa guda daga asibiti, domin labarin zai zaga gidan suna.

Bayan mabiyiya ta fito, dole a duba wurin da haske mai kyau, a gida aka haihu ko a asibiti. Cikakken dubawa ya haɗa da sa yatsa cikin dubura da safar hannu, domin zoben yana iya tsinkewa a ciki fata tana nan kamar lafiya. Alama ɗaya ya kamata kowace mai zama da maijego ta sani: idan aka taɓa mara aka ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri amma jan jini yana ta zuba, to daga yagewa yake, kuma ƙwayar tsayar da jini ba ta ɗinke nama. A danne wurin da tsumma mai tsafta a kama hanya. Yagewar da ta wuce fata a ranar ake son ɗinke ta, cikin sa'o'in farko. Ta uku da ta huɗu aikin likita ne a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tausasa bayan gida. Idan asibitin garin ba shi da mai yi, a wuce babban asibitin Tambuwal, ko a nemi a tura ta Sakkwato. Cikin matan da aka gyara musu da kyau a kan lokaci, 6 zuwa 8 cikin 10 ba su da wata damuwa bayan shekara guda.

Jego yana iya taimakon ɗinki, yana iya warware shi. Ruwa mai ɗumi da tsafta yana da kyau: a wanke wurin bayan kowane fitsari da bayan gida, daga gaba zuwa baya, a tsane shi, a sauya ƙunzugu a kai a kai. Ruwan da yake ƙona fata kuwa yana dafa gefen raunin, zare ya saki, wurin ya buɗe. Ba a cusa kanwa ko gishiri ko alif ko wani haɗin matsi. Suna cin naman, su bar tabon da zai iya toshe gaban mace ko ya tsage a haihuwa ta gaba. Zaren da ake amfani da shi yanzu yana narkewa da kansa. Maijego ta sha ruwa sosai, ta ci zogale da rama da miyar kuɓewa da gwanda don kada bayan gida ya yi tauri ta yi yunƙuri a kan ɗinki. Da zarar zafi ya lafa, ta fara motsa tsokar wurin: ta tsuke kamar mai riƙe iska, ta ƙirga zuwa biyar, ta saki, sau goma, sau uku a yini. Zazzaɓi, wari, ruwa mai kama da mugunya, ciwon da yake ƙaruwa maimakon raguwa, ko bayan gida ta gaba, kowanne dalilin komawa asibiti ne a ranar, ba sai an yi arba'in ba. Ɗaukewar jinin biƙi kuma ba ita ce shaidar rauni ya warke ba. Miji ya jira har ciwon ya tafi kuma matar ta ce ta shirya.

Wadda ta riga ta daɗe da raunin, ko shekara nawa ne, ana iya gyara mata. Idan ranar farko ta wuce ko wurin ya ruɓe, likitoci sukan jira kimanin wata uku nama ya lafa sannan su ɗinka. Kafin nan ba za ta bar salla ba, domin malaman Malikiyya sun yi sauƙi ga wanda abu yake fita masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci, kuma malamin unguwa zai yi mata bayani. A Sakkwato ana wannan aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda cibiyar masu yoyon fitsari take, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai cibiyar Gesse a Birnin Kebbi, akwai kuma ta ƙasa a Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan Holan Kees Waaldijk ya fara gyaran mata a 1984. Wadda aka taɓa yi wa irin wannan gyara ta faɗa tun zuwanta awo na farko a ciki na gaba, kuma a asibiti za ta haihu. Kimanin 5 zuwa 7 cikin 100 sukan sake yagewa a wurin, kuma wadda har yanzu riƙon iska ko bayan gida yake ba ta wahala akan ba ta shawarar a ciro jaririn ta hanyar tiyata. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka tantance, saboda haka tun a wajen awo ake tambayar wane asibiti ne mafi kusa da yake cikin shirin.